Koyar da Chaucer da Beowulf ta Hanyar Wasan Aron Hali: Amsa ga Wata Malamar Adabi

Wata malama da ke koyar da adabin Ingilishi a kwalejin horar da malamai ta rubuto tana cewa an ɗora mata darasin adabin Ingila na tsakiyar zamani, wato Beowulf da Chaucer da labarin Gawain, kuma ta lura ɗalibanta taƙaitaccen bayani kawai suke haddacewa su shiga jarrabawa ba tare da sun buɗe littattafan ba. Ta ji cewa a wasu ƙasashe ana koyar da irin wannan darasi da wasan da kowane ɗalibi ke ɗaukar matsayin wani mutum na cikin labari, shi ya sa take tambaya ko hanyar tana da amfani ko ɓata lokaci ce, kuma yaya za a yi ta a aji mai cunkoso wanda babu kwamfuta babu wutar lantarki.

Malama, Allah ya ƙara basira. Hanyar tana da amfani, amma da sharaɗi ɗaya wanda in an sake shi komai ya rushe: dole ne dokokin wasan su fito daga cikin littafin da ake karantawa, kuma dole ne ya zama babu ɗalibin da zai ci wasan sai ya koma ga shafin littafi ya nemo hujja. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, na gwada wasan da ya yi kyau, na kuma gwada wanda ya tashi a hayaniya, kuma duk lokacin da na binciki inda bambancin yake, a kan wannan sharaɗi nake samunsa.

Ya kamata mu fara bambanta abubuwa biyu da ake yawan haɗawa. A wasan kwaikwayo, ɗalibi yana haddace maganar da aka riga aka rubuta ne ya faɗe ta a gaban jama'a. Abin da kike tambaya a kai, wanda nake kira wasan aron hali, ba shi da rubutacciyar magana: ana ba ɗalibi mutum guda da halinsa da buƙatarsa da abin da yake tsoro, a jefa shi cikin wani yanayi, a ce ya yanke shawara kamar yadda wannan mutumin zai yanke, sannan jagoran wasa ya faɗa masa abin da shawararsa ta haifar. Siffarsa ta zamani ta yaɗu ne daga wasan Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, amma malamai sun ɗauke ta sun yi nisa da ita. A Ingila, Dorothy Heathcote ta shahara da ɗora wa yara matsayin masana a aji domin su warware matsala da kansu. A Kwalejin Barnard da ke New York, masanin tarihi Mark Carnes ya tsara wasannin da ɗaliban jami'a ke shiga matsayin mutanen wani zamani suna muhawara da littattafan zamanin. A garin Hobro na ƙasar Denmak kuwa akwai makarantar kwana mai suna Østerskov wadda tun 2006 take gina darussanta a kan irin wannan wasa. Mu ma abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin duk wanda ya ga kalankuwa, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu bayan kaka su yi shari'a da gaske-gaske ba tare da wani ya rubuta musu abin faɗa ba, ya riga ya san yadda ake yi.

Dalilin da ya sa wannan adabi ya fi kowanne dacewa da wasa shi ne, wasu daga cikin manyan littattafansa da wasa aka gina su tun asali, don haka ba ki da bukatar ƙirƙiro komai daga waje. Ɗauki Hikayoyin Canterbury, waɗanda Geoffrey Chaucer ya rubuta a shekarun ƙarshe na rayuwarsa kafin rasuwarsa a 1400. Matafiya 29 ne suka haɗu da mai ba da labarin, wato Chaucer kansa, a masaukin Tabard da ke Southwark, kudu da kogin Landan, za su ziyarci kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin da aka kashe a Canterbury a 1170. Mai masaukin ya ce zai bi su ya zama alƙalinsu, ya kuma kafa doka: kowa zai ba da labari biyu a tafiya, biyu a dawowa, wanda labarinsa ya fi ma'ana da daɗi za a saya masa abincin dare da kuɗin saura, wanda ya bijire wa hukuncinsa zai biya kuɗin da aka kashe a hanya. Da gari ya waye aka ja tsinke domin a ga wanda zai fara, ƙuri'a ta faɗa kan barde. Kin ga ke nan akwai 'yan wasa, akwai jagora, akwai doka, akwai lada da tara, har da ƙuri'a, duk Chaucer ya gama shirya miki su a cikin gabatarwar littafin, wadda take da layi 858. Da tsarin ya cika da an sami labarai 120, amma 24 kawai ya bari, wasu ma ba a ƙarasa su ba, kuma wannan giɓin shi ne filin da ɗalibanki za su shiga.

Ga yadda nake yi. A darasi na farko da na biyu babu wasa ko kaɗan. Karatun gabatarwa muke yi, da fassarar Ingilishin yau a gefe ɗaya da ainihin Ingilishin Chaucer a ɗaya gefen. Daga nan sai in raba ajin rukuni-rukuni, mutum bakwai ko takwas a kowanne, in ba kowane ɗalibi matafiyi guda da farar takarda. Shi zai cike takardar da kansa: sana'ar mutumin, tufafinsa, abin da yake nuna wa jama'a, abin da yake ɓoyewa, wanda yake ganin ya fi shi da wanda yake rainawa a cikin ayarin. Kowane abu da ya rubuta sai ya sa lambar layin da ya samo shi, kuma duk abin da ba shi da lamba sokewa ake yi. A nan ne karatun gaske yake faruwa, tun kafin a fara wasan, domin wanda aka ba shugabar mata masu zuhudu zai tarar cewa tana kuka in ta ga ɓera a tarko, tana ciyar da 'yan karnukanta gasasshen nama da farin burodi, amma ba a ambaci wani talaka da ta ciyar ba, sai ya tsaya yana tambayar kansa ko yabonta Chaucer yake yi ko zambo. Wannan tambaya ita ce dukan darasin Chaucer, kuma na sha yin laccar awa guda a kanta ba ta shiga ba, alhali cike takardar nan yana shigar da ita cikin minti goma.

A kowane rukuni mutum ɗaya ne mai masauki, ni kuma madugu nake kiransa, tunda aikin madugu yake yi: shi ke ba da izinin magana, shi ke raba faɗa, kuma yana da ikon katse labarin da ya gundure shi. Wannan iko ma daga littafin yake, domin mai masaukin ya katse Chaucer kansa a tsakiyar labarin Sir Thopas ya ce waƙarsa ba ta da daraja, barde kuma ya katse wani malamin coci da ya cika su da labaran faɗuwar manya. Wani ɗalibi kuma shi ne mai riƙe da littafi, ba ya ɗaukar matsayin kowa, aikinsa shi ne in wani ya ƙalubalanci ɗan'uwansa cewa mutumin da yake wakilta ba zai faɗi haka ba, ya buɗe shafi a duba. Wanda ya yi ƙalubale ya ci yana samun maki, wanda ya yi ya faɗi yana rasawa. Wannan matsayi yana yi wa ɗalibai masu kunya daɗi ƙwarai, kuma sau da yawa su ne suke fin kowa sanin littafin a ƙarshen zango.

Kowa zai ba da labari na minti uku wanda ya dace da halin matafiyinsa, amma dokar da ta fi muhimmanci ita ce ta ramuwa. A littafin, da barde ya gama dogon labarinsa na soyayya da sarauta, mai masauki ya so ya miƙa wa wani babba, sai mai niƙa, yana cikin maye, ya kutsa ya ce shi zai rama wa barde da nasa labarin, wanda ya yi wa wani kafinta dariya a ciki. Wakilin gandu, wanda a da kafinta ne, ya ji haushi ya rama da labarin da aka wulaƙanta mai niƙa. Haka ɗan cocin nan mai yawon bara da mai kai sammacin kotun coci suka yi ta jifan juna da labarai. Saboda haka a wasana ba a yarda labari ya tsaya shi kaɗai ba, sai ya zama amsa ga wanda ya gabace shi, ko goyon baya ko habaici. Ɗalibin Bahaushe ba ya bukatar a koya masa habaici, kuma ba ya bukatar a koya masa labari cikin labari, tunda ya san yadda aku yake jero labarai a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam domin ya tsare ɗan sarki. Abin da wasan ke ƙara masa shi ne ya ji a jikinsa cewa a wurin Chaucer kowane labari makami ne a hannun mai ba da shi, kuma ba za a fahimce shi ba sai an san wa ake nufi da shi. Ɗaliban da kakanninsu suka yi tafiyar Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, sukan kawo abin da suka ji a gida game da zaman ayari, inda attajiri da malami da talaka suke cin hanya ɗaya na tsawon lokaci, kuma wannan yana taimaka musu su gane dalilin da ya sa Chaucer ya zaɓi tafiyar ziyara: ita ce wurin da barde da mai niƙa za su jeru har ƙaramin ya katse babban.

In kina son wasan ya yi nauyi, ki ba su tarihin da ke ƙarƙashinsa. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe jama'a masu yawan gaske, ma'aikata suka yi ƙaranci, ladan ƙwadago ya tashi, hukuma ta kafa doka a 1351 domin ta danne shi, kuma a 1381 talakawa suka yi bore a kan harajin kai har suka shiga Landan ƙarƙashin Wat Tyler. Tsohon tsarin da ya raba mutane uku, masu addu'a da masu yaƙi da masu noma, yana tangal-tangal a lokacin da Chaucer ke rubutu. Ɗalibin da ya san wannan, in an ba shi mai niƙa, kutsen da zai yi wa barde zai bambanta da na wanda ya ɗauka maye ne kawai.

Wasan da ya fi ba ni sakamako mai kyau, duk da haka, na Gawain ne, kuma a nan zan ɗan daɗe. Waƙar Sir Gawain da Koren Barde ta ƙarshen ƙarni na 14 ce, ba a san mawallafinta ba, kuma a rubutun hannu ɗaya tak ta tsira. Wani koren barde ya shigo fadar Sarki Arthur lokacin bikin sabuwar shekara ya ce a sare shi da gatari sau ɗaya, bisa sharaɗin bayan shekara da kwana ɗaya shi ma zai rama. Gawain, ɗaya daga cikin baraden sarkin, ya fille masa kai, mutumin ya sunkuya ya ɗauki kansa ya tuna masa da alkawari ya fita. A hanyarsa ta zuwa cika alkawarin Gawain ya sauka a gidan wani basarake, suka ƙulla wasa na biyu: kwana uku maigida zai fita farauta, Gawain zai zauna a gida, da yamma kowa ya ba ɗan'uwansa abin da ya samu. Maigida ya kawo barewa, sannan gursunu, sannan dila. Matar gida kuwa kullum tana zuwa tana jarraba baƙon. A rana ta uku ta ba shi koren ɗamara ta ce duk wanda ya ɗaura ta ba za a iya kashe shi ba, ta roƙe shi ya ɓoye wa mijinta.

Waƙar kashi huɗu ce, kuma sirrin wasan shi ne ki hana su karanta kashi na huɗu da ƙarshen na uku har sai an buga. Kowane ɗalibi Gawain ne. Ina ba kowa ƙwayar wake a madadin abin da Gawain ya samu a rana ta farko da ta biyu, kowa ya miƙa wa maigida ba gardama, domin wake ba ya ceton rai. A zagaye na uku sai in ba kowa tsinken koren zare, in tuna musu cewa gobe ne za a sare su, in ce kowa ya rubuta a ɓoye ko zai miƙa ko zai riƙe, da dalilinsa a jimla uku, yana kafa hujja da abin da waƙar ta riga ta faɗa game da Gawain, musamman tauraron nan mai tsini biyar na garkuwarsa wanda ke nuna cikar amana. Ba a taɓa samun ajin da ya haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Wasu za su ce alkawari kaya ne, wasu su ce rai ya fi komai, wasu kuma su gano cewa Gawain ya shiga tsakanin alkawari biyu, na maigida da na matar gida, kuma duk wanda ya cika ya karya ɗayan. Sai bayan an tattara takardu muke karanta ƙarshen: Gawain ya riƙe ɗamarar, koren barden ya kai masa sara uku, biyu bai taɓa shi ba, na uku ya ɗan yanke shi a wuya, sannan ya bayyana cewa shi ne maigidan kuma shi ya aiko matarsa.

Waƙar ta ba da hukunci uku a kan laifin ba tare da ta zaɓi ɗaya ba. Koren barde ya ce Gawain ya gaza kaɗan ne kawai, kuma son rai ne ya sa shi, don haka laifinsa da sauƙi. Gawain kansa ya kira abin tsoro da kwaɗayi, ya ce zai ɗaura ɗamarar har abada a matsayin alamar kunyarsa. Fadar Arthur kuwa dariya ta yi, kowa ya ɗaura koren ƙyalle ya mayar da abin ado. Darasi na gaba sai mu yi zaman shari'a da ɓangarori uku, kuma tunda kowane ɗalibi ya riga ya yanke shawararsa da hannunsa kafin ya san ƙarshe, kansa yake karewa ko yake tuhuma. Wata shekara wata ɗaliba da ta riƙe zaren ta tashi ta ce ita ba ta yarda da hukuncin Gawain a kan kansa ba, domin girman kai ne mutum ya ɗauka shi ba zai taɓa jin tsoro ba; wannan karatu ne da manazarta suke yi wa waƙar, ita kuwa ba ta karanta kowa ba, zaren da ke hannunta ne ya kai ta.

Beowulf ya fi wuya, kuma a kansa na yi kuskurena mafi girma. Waƙar tana da layi 3182 cikin Tsohon Ingilishi, wanda ko Baturen Ingila na yau ba ya ganewa sai ya koya, ita ma a rubutun hannu ɗaya ta tsira, wanda gobara ta taɓa a 1731. Da na fara, sai na tsara wasan faɗa: ga Grendel, dodon da jarumi Beowulf ya fara kashewa, ga uwarsa, ga dodon nan mai aman wuta, a ja ƙuri'a a ga wa ya ci. Ɗalibai sun ji daɗi matuƙa, ihu har ajin maƙwabta, amma da na karanta rubutunsu na tarar an yi tuya an manta da albasa, domin babu wanda ya ambaci kyauta ko amana ko ramuwar gayya, waɗanda su ne ƙashin bayan waƙar. Tun daga nan na daina buga faɗan, na koma buga zauren. A zauren Heorot na Sarki Hrothgar, baƙo yana tashi ya faɗi asalinsa da abin da ya yi da abin da zai yi, wani bafade kamar Unferth ya ƙalubalance shi da tsohon labarin gasar iyo da Breca, sarki ya ba da zobe da takobi, wanda ya karɓa kuma ya ɗauki bashin da sai da jininsa zai biya. Ina sa ɗalibai su tsara wannan kirarin da kansu cikin salon waƙar, da maimaita sautin farkon kalma da kuma sunaye masu lulluɓi irin nata, inda teku take zama hanyar babban kifi, jiki kuma gidan ƙasusuwa. Wanda ya taɓa jin kirarin mafarauta ko na 'yan dambe yana kama wannan da wuri, haka kuma kuɗin jinin da dangi ke karɓa a madadin ramuwa ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san diyya, ko da yake ya kamata ki nuna musu cewa kama ce kawai, tushen dokokin daban ne. Sannan mu yi zaman majalisa a kan tambaya ɗaya: Beowulf a tsufansa, sarkin da ya yi shekara 50 a kan mulki, ba shi da ɗa, maƙiya na kewaye da ƙasarsa, ya dace ya fita ya tunkari dodo da kansa? Wasu su zama Wiglaf, bafaden da ya tsaya tare da shi, wasu su zama goman da suka gudu daji, kowa ya kare kansa da abin da waƙar ta faɗa.

Akwai wuraren da nake ba ki shawarar ki yi taka-tsantsan, kuma sun fi shafar ajinmu fiye da ajin Turai. Labarin mai niƙa da na wakilin gandu akwai batsa a cikinsu, a karanta a tattauna in shekarun ɗalibai sun kai, amma kada a buga. Labarin shugabar masu zuhudu ƙazafi ne a kan Yahudawa, labarin lauya kuma yana nuna Musulmin Sham da mummunar fuska, shi kansa barden da Chaucer ya yaba an lissafa yaƙe-yaƙensa a Iskandariya da Tilimsan, wato da Musulmi ya yi su. Kada ki ɓoye wannan, domin ɗalibai za su gano, kuma in suka gano da kansu za su daina yarda da ke; ki ajiye shi a tattaunawa inda kowa ke magana da bakinsa, kada ki sa wani ya ari bakin mai ƙazafi. Ki nuna musu ɗaya gefen kuma: cikin malaman da likitan ayarin ya karanta Chaucer ya lissafa Ibn Sina da Ibn Rushd da Razi. Wasannin addini na garin York, waɗanda ƙungiyoyin masu sana'a suke yi a kan amalanke, maƙeran jirgi su ɗauki labarin gina jirgin Annabi Nuhu, suna da daɗin nazari, amma tunda fitowa ake yi a matsayin annabawa, ni ba na sa kowa ya buga su, Musulmi ne ko Kirista. Ƙwayar lido ma na daina kawowa aji tun da wani uba ya aiko yana tambaya ko caca ake koya wa ɗansa; jan tsinke ya wadatar, kuma shi ne abin da matafiyan Chaucer suka yi. A ƙarshen kowane wasa ina sa kowa ya miƙo takardar matafiyinsa ya faɗi sunansa na gaskiya, domin na taɓa ganin yaron da aka ba mai sayar da takardun gafara, wanda ke yawo da ƙasusuwan alade yana cewa na waliyyai ne, ya sha tsokana da wannan suna har ƙarshen shekara.

Game da maki, kada ki ba da shi a kan iya wasa, domin hakan zalunci ne ga mai kunya kuma lada ne ga mai surutu. Abin da nake dubawa uku ne: takardar hali da lambobin layinta, wasiƙa ko jawabi na shafi ɗaya da ɗalibi zai rubuta da bakin mutuminsa, da kuma rubutun da zai yi da bakinsa shi kansa yana bayyana inda wasan rukuninsu ya saɓa wa littafin da abin da saɓanin ya nuna masa. Na ukun shi ne mafi nauyi, kuma shi ne ya fi kama da abin da jarrabawa za ta tambaya. Minti goma sha biyar na ƙarshen darasi na tattaunawa ne ko da wasan bai ƙare ba, gara a yanke wasa da a yanke tattaunawa.

Sai dai wasa ba ya koyar da harshe, kuma rabin daɗin Chaucer a kunne yake. Babu wata dabara da za ta maye gurbin ki tsaya a gaban aji ki karanta musu layi 18 na farkon gabatarwa da babbar murya, inda ake maganar ruwan Afrilu da tsuntsaye da marmarin tafiya, kina furta baƙaƙen da Ingilishin yau ya daina furtawa, su kuma suna maimaitawa. A nan ɗalibanmu suna da sa'a, domin wasulan Chaucer sun fi kusa da yadda Bahaushe ke karanta a da e da i da o da u fiye da yadda Baturen yau ke furta su, kuma sukan yi mamakin jin cewa bakinsu ya fi saurin kamawa. A zango mai mako goma sha biyu ni wasa uku kawai nake yi, sauran duk karatu ne da rubutu. In wannan ne karonki na farko, ki fara da na Gawain, tunda darasi biyu ya ishe shi kuma ba ya bukatar komai sai mudun wake da ƙullin koren zare, amma ki karɓe kwafin kashi na huɗu da ƙarshen na uku daga hannunsu tun mako guda kafin ranar, ki kuma roƙi waɗanda suka riga suka duba ƙarshen a waya su riƙe bakinsu, ko ki naɗa su maigida da matar gida a rukunoninsu.